Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Jiran Hatimin Landan

Bawana, labari ya iso Kano cewa ka tara ɗalibai ka yanke hukunci: wai duk tsibiran Karebiyan mawaƙi ɗaya gare su, Derek Walcott, sauran 'yan amshi ne. Na bincika yaushe ka fara karanta shi, aka ce bayan 1992. To ai shekarar da aka ba shi kyautar Nobel ke nan! Ku Zage-zagi ko fate ba ku yarda ya ji gishiri ba sai baƙo ya ɗanɗana.

Ba ni da ja a kan Walcott, wanda ya rubuta Omeros ya wuce raini. Amma gardamar da kake ɗagawa da ita ta tsufa. Tun 1971 Patricia Ismond ta yi maƙala tana auna shi da Kamau Brathwaite na Barbados, lokacin masu sharhi sun rabu gida biyu: wai Walcott magajin adabin Turai ne, Brathwaite kuwa mai bin gangar Afirka. Brathwaite ya yi aikin ilimi a Gana daga 1955 zuwa 1962, ya koma ya dage cewa karin waƙar Ingila ba zai ɗauki guguwar tsibiransu ba, kuma Turancin da ake yi a kasuwa da gonar rake harshe ne mai cin gashin kansa. Da kai ne malaminsa, da jan biro za ka bi shi kana gyara masa nahawu.

Louise Bennett ta Jamaika ce ta fi shan wuya a hannun irinku. Tana cika zaure, yara da tsofaffi na haddace baitocinta, masana na kiranta 'yar barkwanci. Sai da Mervyn Morris ya tashi a shekarun 1960 ya rubuta maƙala yana cewa a karanta matar nan da gaske, sannan aka fara gyara zama.

Linton Kwesi Johnson ma ka ce kiɗan rege ne kawai. Da maɗaba'ar Penguin ta sa shi a jerin fitattun littattafanta a 2002, washegari aka gan ka da littafin a hammata, ka juya bangon waje don kowa ya gani.

Cika-ciki ya kusa. Ka zo da kuɗin sharata, ka kuma karanta min Bennett da ƙarfi a tsakar gida, in ji yadda Turancin Kingston ke fita a bakin Bazazzagi.