Jinjina ga Likitocin Tsakar Gida

Ya kamata gwamnatin Jigawa ta karrama wasu ƙwararru da ke aiki ba albashi tun kafin a ƙirƙiri jihar a 1991. Ina nufin gwaggonni da kawunnai da matan baffanni da ke buɗe asibitinsu a tsakar gida duk ranar Sallah, daga Birnin Kudu har Gwaram, da Sara da Basirka.

A asibitin tarayya na Birnin Kudu sai ka yanki kati, a ɗebi jini, a ɗauki hoto, sannan likita ya yi magana, ita ma a keɓe. Gwaggo ba ta buƙatar wannan wahala. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, barka da Sallah." Kallo ɗaya za ta yi wa cikinta ta ce, "Ke har yanzu shiru? Ƙanwarki da aka aurar bayanki tana goyon na biyu." A gaban kishiyoyi da maƙwabta da yaran da suka shigo yawon Sallah take faɗa, don kada ilimi ya tsaya wa mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun ce sau da yawa daga namiji matsalar take. Gwaggo ta fi su bincike: a duk shekarun aikinta ba ta taɓa samun miji da laifi ba. Ba ta san ɓari nawa yarinyar ta yi ba, ba ta san sau nawa ta yi kuka a kan sallaya ba, kuma ba ta tambaya, domin gwani ba ya tambaya.

Wadda ta haifi mata huɗu ma tana da nata rabon. "Wannan karon dai ki yi ƙoƙari ki kawo mana magaji." Masana sun ce ƙwayar halittar uba ce ke raba namiji da mace. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun mayar da al'amarin duka ga Allah, har da wanda bai samu ba. Gwaggo ta yi sauka tun tana budurwa, sai dai ta ga kamar matar ce ke riƙe da mabuɗin.

A zaure kuma Kawu ne ke duba maza. Saurayi ya gama hidimar ƙasa, ya hau mota daga Kano ta Wudil da kuɗin da ya ranto, don kawai ya gai da iyaye. Kawu na sakace naman layya a haƙori ya ce, "Ɗana, duk bokon nan ko kaza ba ka yanka ba? Yaushe za mu sha biki?" Madalla da wannan kulawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 magidanci ke lissafin kwanon masara, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne ga wanda ya yi sa'ar samun aikin. Kawu ya san wannan sarai. Saboda tsabar kara ne bai taɓa cewa ga akwati ɗaya na lefe ba, kada ya kunyata yaro.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke rufe aikin. Da idon yarinya ya kawo ruwa sai a ce, "Au, daga wasa? Ai don muna sonki ne." Bahaushe ya ware abokan wasa, taubashi da kaka, ya ba jika damar ramawa. Gwaggo da Kawu sun gano wasan da ya fi kowanne daɗi, wanda ɗayan ba shi da bakin mayarwa, in ya mayar a ce ba shi da tarbiyya. Uwar yarinya na zaune tana ji, kunya ta ɗaure mata harshe.

Maganin nasu yana ci kuwa. Wadda aka duba bara ta aiko da goron Sallah ta waya, ta ce mijinta bai samu hutu ba. Saurayin ya ce kuɗin mota ya yi tsada. Gwaggo ta ƙirga tabarmin da ba kowa a kai, ta girgiza kai, ta ce wa Kawu, "Yaya, yaran yanzu ba su san zumunci ba."