Wasiƙa zuwa ga tukunyar ɗigo

Ya ke RDA, tukunyar ɗigo ta masu zuƙar tururi,

Dalilin wannan takarda shi ne mutumin nan da ya gan ki a bidiyo: an cire miki hula, an ɗiga miki ruwa, wani ya zuƙa ya feso tururi har fuskarsa ta ɓace, shi kuma ya ce lallai sai ya mallake ki. Ke ba ki da baki, mai sayar da ke kuma ciniki ne a gabansa. To bari in faɗa a gaban idonki abin da ya kamata a ce an gaya masa tun kafin ya zaro kuɗi.

Ki gafarce ni in fara da tona miki asiri: babu komai a cikinki. Ɗan faranti ne na ƙarfe, faɗinsa milimita 22 zuwa 25, da ginshiƙai masu sukuru inda ake ɗaure waya, da rami mai riƙe ruwa kaɗan, da hula mai kafofin iska. Iyakarki ke nan. 'Yan'uwanki suna zuwa da naɗaɗɗiyar wayarsu a rufe tun daga masana'anta, in ta ƙone a jefar a sayo wata. Ke kuwa fanko kike zuwa. Mai ke shi zai naɗa waya, shi zai zura auduga, shi zai ɗiga ruwa, bayan 'yan zuƙa kaɗan ya sake ɗigawa. Masoyanki sun ce a nan daɗinki yake, wai tsakanin wuta da harshe babu nisa, ɗanɗano yana isowa bai gaji ba.

Hon Lik, mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin da ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003, ba irinki ya nufa ba. Mashayin taba ne, kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa, abin da yake nema kawai shi ne ɗan abu mai kama da kara wanda zai ba da nikotin ba tare da an ƙona ganye ba. Masu amfani da shi a Turai da Amurka ne suka raina tururinsa, suka riƙa ɓalle shi suna ɗiga ruwa kai tsaye a kan waya. Daga wannan ƙiriniya aka haife ki, daga baya masana'antun Shenzhen suka karɓi renonki.

Ga inda na fi damuwa. Wanda ya saye ki ya ɗauka ƙarfe ya saya, alhali lissafi ya ɗauko wa kansa. Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa dokarsa a 1827, yara suna haddace ta don jarrabawa su manta, amma a wurinki dokar ce ke tsakanin mutum da haƙoransa. Batirin da aka fi haɗa ki da shi ana ce masa 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. In ya cika da caji yana ba da bolt 4.2. A raba bolt da turjiyar waya, sai a san yawan wutar da ake tatsa daga batirin. Naɗi mai om 1 zai ja amf huɗu da ɗan ɗoriya, batir bai ma san ana yi ba. Om 0.5 zai ja 8.4. Om 0.2 zai ja 21. Om 0.15 kuwa 28. Batir mai suna irin Samsung 25R, abin da masu yin sa suka lamunce masa a ja ba tsayawa shi ne amf 20. A ido, tsakanin 0.5 da 0.15 ba wani abu ba ne, zagaye biyu ko uku ne na waya da ɗan bambancin kauri. Amma ɗaya zuƙa ce, ɗayan kuma batir ne ake azabtarwa a dab da fuska.

Akwai kuma tarkon da ke kama baƙo. Yawancin irinki gurbin naɗi biyu gare ku, kuma mutum zai zaci in ya sa biyu turjiya ta ninka. Akasin haka ne. Naɗi biyu masu om 0.4 kowanne, in suka zauna a kan ginshiƙanki, sun zama 0.2.

Shi ya sa, da ni ake tambaya, ba ke ce farkon saye ba. Farkon saye shi ne akwatin batir mai ƙwaƙwalwa, wanda ke karanta turjiya a fuskarsa, ya ƙi ba da wuta in waya ta haɗe da jikin ƙarfe. Ɗayan nau'in, bututun nan da babu komai a cikinsa sai batir da maɓalli, yana da kyan gani, kuma ƙwararru suna alfahari da shi, amma bai san a'a ba. In aka danna shi zai ba da duk abin da aka nema, ko da abin da aka nema ɗin gobara ce. A watan Mayun 2018, a garin St. Petersburg na jihar Florida, irin wannan bututu ya fashe a hannun wani mutum mai shekara 38, ɓarɓashin ƙarfe ya shiga kansa ya mutu. Ko mai ƙwaƙwalwar ma ba a sakin jiki da shi gaba ɗaya: batir guda mai amf 20, kada a wuce wat 60 a kansa.

A nan sai in ja kunnen namu na gida. Batirin 18650 ba baƙonmu ba ne, shi ne a cikin tociloli masu caji da tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ana farke su a sayar ɗai-ɗai a kasuwa. Girma ɗaya ne, aiki daban. An yi waɗancan don su ba da wuta kaɗan na dogon lokaci, ba don a fizge su ba. Wanda ya sa miki irinsu ya yi ganganci. Haka batirin da rigarsa ta yage, domin duk jikinsa a ƙarƙashin ledar nan ɓangare ɗaya ne na wutar. Haka wanda aka jefa tsirara a aljihu tare da makulli da kwabbai, ko aka bari a mota cikin ranar bazara.

In lissafi ya zauna, aikin hannun ba shi da wuya, kuma na yarda yana da daɗi. Ana samun wayar Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam da aka fara yi a Suwidin don tanda da murhun lantarki. Mai geji 26, in aka naɗa ta zagaye bakwai a kan sandar da kaurinta milimita 3, tana ba da kusan om 1. Wannan ya ishi mai koyo, kuma naɗi ɗaya ya fi masa biyu. A zura ƙafafun a ginshiƙai, a ɗaure sukuru ba da ƙarfin tsiya ba don kada ya yanke wayar, a datse abin da ya yi saura, a tabbatar naɗin bai taɓa faranti ko hula ba. Sannan a auna, da hula da kuma babu hula. Daga nan a ɗan dinga ba shi wuta kaɗan-kaɗan ana kallo. Naɗi mai lafiya daga tsakiya yake fara ja, jan ya bazu zuwa gefe. In wani zagaye ya riga sauran haske, a saki maɓalli a matse shi da hantsaki mai bakin tangaran har ya daidaita. Wayar nikel zalla da ta titaniyam ba a gasa su haka, mai koyo ya bar su tukuna.

Auduga ce ke ba mutane kunya. In ta yi yawa ta shaƙe, ruwa ba ya tafiya. In ta yi kaɗan ruwan zafi ya riƙa tsartuwa a baki. Daidai shi ne ta ratsa cikin naɗin da ɗan jan hannu, ba ta tafi da wayar ba, wutsiyoyinta biyu su sauka ramin su taɓa ƙasa kawai, ba a cusa su ba. Kuma ke da fitilar aci-balbal halinku ɗaya: muddin lagwani na jiƙe, mai ne ke ci, da ya bushe sai ya ci kansa. Wannan busasshiyar zuƙa mai ƙauri ba rashin daɗi kaɗai ba ce, a irin zafin nan ne ruwan ke rikiɗa ya fitar da guba irin su fomaldihaid. Da ɗanɗano ya fara dushewa, lokacin ɗigo ya yi.

Ruwan ma da nasa sharaɗi. Kina fitar da tururi mai yawa, don haka masu ke suke amfani da ruwa mai kauri, mai yawan gilisarin, nikotin ɗinsa kamar miligiram 3 a kowace mililita. Ruwan ƙananan na'urori mai miligiram 20, wanda shi ne iyakar da dokar Tarayyar Turai ta yarda, ko mai 50 da ake samu a Amurka, in aka ɗiga miki shi sai jiri da tashin zuciya. Mai kuwa, kowane iri ne, ba ya shiga cikinki. Cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, wadda ta kwantar da mutum fiye da 2,800 ta kashe 68, an danganta ta ne musamman da wani man bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Kwalbar kuma a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, nikotin guba ce in aka haɗiye.

Yanzu ga ƙorafina a kanki, kuma ba na batir ba ne. Duniya ba ta daidaita a kan danginki ba. Ingila tana ba mashaya taba shawarar su koma tururi don su rabu da sigari, Indiya ta haramta shi ɗungurum a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma kullum gargaɗi take yi. Abin da babu mai musu a kansa shi ne huhun da bai taɓa sanin taba ba babu abin da zai ƙaru da shi a wurinki sai jaraba. Amma ko tsohon mashayin da ya zo neman mafita, ke kina da wata dabara da sauran ba su da ita: kina ba shi sana'ar hannu. Ya zo don ya daina, sai ga shi da akwatin filaya da almakashi, yana koyon tufka waya uku a wuri ɗaya, yana jiran sabon samfuri. Sigari bai taɓa sa kowa alfahari da gwanintarsa ba, ke kina sawa, kuma abin da mutum ya gwanance a kai da wuya ya ajiye shi. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka in baligin da ya riga ya bar sigari ya zo gare ki, ki karɓe shi da naɗi ɗaya mai om 1, a kan akwati mai ƙwaƙwalwa, da batir na asali daga hannun da aka sani. Ya kuma rubuta a jikin kwalbarsa ranar da zai sauko daga miligiram 3 zuwa sifili. Yaro ko wanda bai taɓa sha ba, in ya miƙo hannu, ki zauna a kantarki.

Wassalam.