Kowa Cady Ce, To Ina Regina?

Ran Larabar da ta wuce 'yar yayata ta shigo gidana sanye da ruwan hoda tun daga ɗankwali har takalmi. Na tambaye ta bikin wa ake yi, ta dube ni da tausayi ta ce, "Haba Anti, yau fa Laraba." Lokacin da fim ɗin da ya kafa wannan doka ya fito, uwarta ko saurayi ba ta yi ba.

Mean Girls ake ce masa, ya fito a Amurka a 2004. Tina Fey ce ta rubuta shi, ta ɗauko tushensa daga littafin da Rosalind Wiseman ta wallafa a 2002 don iyayen da 'ya'yansu mata ke shan wuya a hannun ƙawaye. Littafin nasiha ne, Fey ta mai da shi abin dariya, nasihar ta fi shiga.

Lindsay Lohan ce ta fito a Cady, yarinya 'yar shekara 16 da iyayenta masu nazarin dabbobi suka rena a Afirka. Wace ƙasa? Oho. Afirka dai, kamar wata unguwa ce a bayan tasha. Mun yafe musu. Aka kai ta sakandare a jihar Illinois, ta faɗa hannun 'yan mata uku da ake kira Plastics, wato 'yan roba, ƙarƙashin sarauniyarsu Regina George. Rachel McAdams da ta fito a Regina ta haura shekara ashirin a lokacin, amma wa ya damu, tunda hararar ta yi daidai.

Dokokin teburinsu sun fi na barikin soja tsauri. Laraba ruwan hoda. Ɗaure gashi ta baya sau ɗaya tak a mako. Wandon motsa jiki sai Juma'a, wadda ta saɓa ta nemi wani teburin. Muna kallo muna cewa Turawa ba su da aikin yi, alhali ankon bikin da muka ci bashi muka ɗinka yana rataye a jikin ƙofa, kuma mun san a wace kujera ake zaunar da wadda ta zo ba shi.

Sai kuma littafin gulma, mai bango ruwan hoda, inda suke manna hoton kowace yarinya su rubuta mata sharri a ƙasa. Da tura ta kai bango, Regina ta manna hoton kanta, ta zagi kanta da hannunta, ta kai wa shugaban makaranta tana matse hawaye, sannan ta watsa kwafin shafukan a baranda, makaranta ta kaure da dambe. A 2004 sai an nemi almakashi da gam da injin kwafi kafin a haɗa irin wannan husuma. Yanzu ƙaramin zauren WhatsApp ɗin nan da aka buɗe a bayan babban, aka cire mutum ɗaya, ya wadatar.

Shi ya sa fim ɗin ya ƙi mutuwa. An mai da shi wasan waƙa a Broadway a 2018, aka sake mai da wasan fim a 2024. Ranar 3 ga Oktoba ta zama kamar ƙaramar salla ga masoyansa, don kawai a ranar ce wani yaro ya juyo a aji ya tambayi Cady kwanan wata. A 2023 ma kamfanin Paramount ya yanyanka shi gida 23 ya zuba a TikTok.

Abin da ya fi ba ni dariya ba a cikin fim ɗin yake ba, a falo yake. Na kalle shi da mata sun fi goma a rayuwata, kowacce Cady ce, baiwar Allah da aka zalunta. Ban taɓa haɗuwa da Regina ba. Akwai wurin da malamar lissafi, ita Tina Fey ɗin, ta tara 'yan matan ta ce su rufe ido, wadda aka taɓa yi da ita ta ɗaga hannu. Duk suka ɗaga. Ta ce to wadda ta taɓa yi da ƙawarta, nan ma duk suka ɗaga. Na gwada wannan a gidanmu ranar suna. Tambayar farko hannuwa suka tashi har da na Goggo, da carbinta. Ta biyu kuwa kowa ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Ni ma ban ɗaga ba, don riƙe da jaririya nake. Wadda ta ce ba haka aka yi ba, na san abin da ta faɗa a kan lefen amaryar bara, kuma ban goge saƙon ba.