Agogon Baba Mai Reluwe

Wani dattijo ɗan Fadan Kagoma ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ya yi ritaya. Tun 1927, da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, garin nan da agogo yake aiki, shi ya sa dattijon bai taɓa rabuwa da nasa ba: Roamer ɗan ƙasar Siwizalan, irin wanda sai an wana kowace safiya. Da ya rasu, agogon ya faɗo a rabon babban ɗansa. Injin lafiya lau, sai dai ɗan kan da ake wanawa da shi ya cinye, yatsa ba ya kama shi.

Magajin ya kai wa wani tsohon mai gyara a bakin kasuwar Kafanchan. Tsoho ya sa gilashi a ido ya duba, ya ce, "Ɗana, sai ka yi haƙuri. Kamfanin ya daɗe da daina yin irinsa. Zan aika Jos a nemo mataccen agogo irin wannan, a kwance mana na jikinsa."

"Baba, ranar Asabar fa ake bikin ƙanwata."

"To, ka je bikin da hannu haka."

Bai ji daɗin maganar ba. Ya tsallaka titi wurin wani matashi mai kwalin safaya, aka zaɓo masa wani kai mai ruwan zinari, ya fi na da girma da sheƙi. Zarensa bai hau sandar agogon ba, sai aka ɗiga gam aka danna. A wurin biki kowa ya yaba. Har da mai cewa ya fi kyau yanzu, alhali bai taɓa ganinsa a da ba.

Abin da matashin bai faɗa ba shi ne, a cikin kan asali akwai ɗan zoben roba da ke rungume bututun jikin agogo, shi ke hana ruwa shiga. Sabon ba shi da shi, kuma bai zauna daidai ba. Daminar kudancin Kaduna kuwa tun Afrilu take sauka, sai Oktoba take ɗaukewa, ga gumin gonar citta. Raɓa ta fara kwanciya a ƙarƙashin gilashi, magajin ya riƙa gogewa ta waje. Tsatsa ta kama sanda, ta bi ta har ƙananan haƙoran da ke saita lokaci. Wata safiya ya murɗa, kan ya biyo yatsunsa.

Da ya koma, tsoho ya buɗe bayan agogon, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Gyaran gangar Auzinawa aka yi maka. Da, kan agogon kaɗai za mu nema. Yanzu sai mun sayi agogo guda mu yanka." Ya ƙara da cewa bai ga laifin yaron can ba, abin da aka nema ya sayar.

Ni dai labarin agogo na bayar. Na ji an ce idan 'yan birni sun dawo gida hutun Kirsimeti za a zaɓi sabon shugaban ƙungiyar ci gaban wani gari, kuma an ce wani mai sabuwar mota, wanda ko taron jana'iza ba ya zuwa, ya riga ya raba shinkafa. Masu zaɓe, ina gaishe ku, a duba da kyau kafin a ɗiga gam.