Ranar da Na Yi wa 'Yan Katun Koci

A majalisarmu in gardamar ƙwallo ta yi zafi, ni ake bar wa maganar ƙarshe. Ni ke tuna wa jama'a cewa Arsenal ta gama kakar 2003/2004 ba a doke ta ko sau ɗaya ba a Firimiya, ni kuma ke rantsuwa cewa na hango Leicester za ta ɗauki kofi a 2016, duk da dai ba a samu wanda ya ji na faɗa ba. Shi ya sa da wani abokina ya ce akwai ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin minti uku, kuma masu ilimi na kwasar kuɗi, sai na ji kamar sunana aka kira.

Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne a wurina, tun a Islamiyya aka biya mana ayar cikin Suratul Ma'ida. Na kuma ji a rediyo yadda Hisba ta garƙame shagunan caca a Kano a 2024. Amma zuciya ta ce min ai ni ba caca zan je ba, bincike zan yi. Na zaro takunkumin da ya rage tun zamanin korona, na danna hula har gira, na bi ta bayan layi da kuɗin cefane a aljihu.

Shagon ɗan ƙuƙut ne, fanka na ta juya zafi, ƙasa cike da yagaggun tikiti. Matasa sun ɗaga kai suna kallon talabijin a bango, ba mai ƙifta ido. A allon kuwa 'yan wasan zane ne ke ta gudu, sunayen ƙungiyoyinsu sun yi kama da na Ingila amma an ɗan karkace su, domin sunan gaske sai an biya kuɗin lasisi. Ƙungiya 20, mako 38, daidai da Firimiya. Sai dai abin da Turawa ke shafe wata tara suna yi, a nan cikin kamar awa biyu an ɗaga kofi an sake sabon lale. Ba hutun rabin lokaci na kirki, ba ruwan sama, ba dare ba rana.

Na sa naira 200 a kan masu jar riga, suka ci. Wannan cin shi ya kashe ni. Nan take na ari biro, na fara rubuta sakamako a bayan tikiti, ina gyaɗa kai irin na manya. Ba a jima ba na gano sirri: duk ƙungiyar da ta sha kashi sau biyu a jere, karo na uku sai ta huce. Da sirrin ya ƙi aiki, na ƙirƙiro wani: in na faɗi, sai in ninka. Dabarar na da daɗin ji, amma wanda ya fara da 200 yana ninkawa, faɗuwa biyar kacal ta raba shi da 6,200, kuma a ƙwallon kwamfuta wannan aikin kwata ɗaya ne na awa. Kafin ka gama jimamin wancan, agogon allo ya fara ƙirga sakan na gaba.

Ina cikin daka wa wani ɗan gaba tsawa, “Kai, buga mana! Me kake jira?” sai na ji murya a bayana.

“Kawu, barka da yamma.”

Ɗan yayata ne, mai karatun kwamfuta, riƙe da igiyar intanet. Na ce ta yaya ya gane ni. Ya ce duk unguwar ba mai zagin ɗan wasa da wannan muryar sai ni.

Ya ja ni gefe cikin ladabi ya yi min karatu. Ashe babu wani wasa da ake bugawa. Manhaja ce ke jefo lamba bagatatan, lambar ta yanke sakamako, sannan a harhaɗo guntayen hotuna a nuna maka. Lokacin da nake ihu a buga, an riga an gama komai. Kuma manhajar ba ta tuna abin da ya wuce, balle wata ƙungiya ta ji haushin kashin da ta sha.

Na ce, “Amma golan can na lura yana da rauni ta hagu.”

Ya ce, “Kawu, ba shi da hagu.”

Sannan ya karɓi birona ya nuna min inda gizo ke saƙa. Misali an sa ninkin cin masu gida 2.00, kunnen doki 3.30, cin baƙi 3.60. In ka mayar da su kashi cikin ɗari, za ka samu 50 da 30 da 28, jimilla 108. Wannan takwas ɗin da ta haura ita ce ladar kamfani, ko wa ya ci. A ƙwallon gaske sau ɗaya ko biyu a mako ake yankar ta a jikinka, a nan kuwa sau 20 a awa guda.

Na gyara murya, na tuna ni ne babba, na ce to shi uban me ya kawo shi gidan caca. Ya ce gyaran intanet aka kira shi, kuma har an sallame shi. Daga cikin kuɗin gyaran ya biya min keke zuwa gida, bayan mun ƙulla yarjejeniya cewa Yaya ba za ta ji daga bakin kowa ba.

Na shiga gida da albasa da ƙullin kuka, na kora wa uwargida dogon bayani kan yadda nama ya yi tashin gwauron zabi a kasuwa. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓi rigata za ta rataye, tikiti suka zubo ƙasa, kowanne da lissafina a bayansa. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba.

Bayan isha ta ajiye min tuwo da miyar kuka. Na lalube kwanon tun daga gefe har tsakiya, na ce, “Yau ko ƙashi babu?”

Ta ce, “Akwai nama mana, Baban Walid, na kwamfuta ne. Ka jira minti uku, za a sake zubawa.”