Ranar da Injin Jif Ya Gaji: Mutane Bakwai a Bencin Gareji

Jif ba ta mutuwa farat ɗaya. Sai ta yi ta aiko da saƙo: yau ta shanye baƙin mai, gobe ta ɗauki zafi a cunkoso, jibi salansa ta fara turnuƙe na baya da hayaƙi. Daga ƙarshe makaniki zai goge hannu da tsumma, ya kawar da kai gefe, ya ce, "Alhaji, sai dai fa a sauke inji." Daga nan hanya biyu ce: ko a buɗe shi a gyara, ko a ɗora wani. Magana ce ta awo da lissafi, amma daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, halin mai motar ne ke yanke hukunci tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Ga waɗanda ba a rasawa a kan benci.

Malam Ƙara-Mai

Shi dai a wurinsa motar lafiyarta ƙalau, mutane ne ke da baki. Galan ɗin baƙin mai ba ya barin but, mazurari kuma yana ƙarƙashin kujera. Duk makaniki ya san karatun hayaƙi: shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, ko dai ringi ya cinye ko robobin bawul sun bushe, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa na nufin ruwa ya sami hanya ta gaskit, baƙi kuwa fetur ne ya fi ƙarfin iska. Motar Malam tana fitar da biyu daga cikin ukun, amma ya ce sanyin safiya ne, ko da kuwa ƙarfe biyun rana ne a watan Afrilu. In ƙarar ta yi yawa sai ya ƙara wa rediyo murya. Ranar da injin ya buga a hanyar Zariya, sai ya tsaya riƙe da ƙugu yana cewa, "Ikon Allah! Motar da ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba."

Alhaji A-Ɗora-Baljiyam

Wannan ba ya son dogon bayani. Fulogi ɗaya ne ya mutu, amma da ya ji inji na rawa sai ya ce, "Kai, cire shi, a kawo Baljiyam." Ya yi imani duk injin da ya tsallako teku wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da shi, ita ma sai ranar Lahadi. Bai san cewa injin da ake kira Baljiyam kan fito daga Amurka ko Japan ko Dubai ba, ya sauka a Legas, ya kwana a Ladipo, sannan ya hau tirela zuwa Arewa. Wani ma bai taɓa ganin teku ba: nan cikin gari aka ciro shi daga wata jif da ta gaji, aka wanke shi da fetur har ya yi ƙyalli. Inji ba ya zuwa da mitar da za ta faɗi kilomita nawa ya ci. Sayensa kamar sayen kankana ne, sai an yanka ake sanin ja ce ko fara. Mai shago zai buga ƙirji ya ce, "Giredi wan ne, ranka ya daɗe," ya ba da garanti na 'yan kwanaki. Alhaji kuwa sai ya ajiye motar a gida har kwanakin su ƙare, don yana tausayin sabon inji.

Mai Ringi Kawai

Ga gwanin tattali. Makaniki ya ce a auna silinda, a duba kurankishaf, a sauya metal, a goge top. Shi kuwa ya ce, "Oga, ka bar wannan dogon Turancin. Ringi kawai za ka sa min, kuma na mai sauƙin kuɗi." Matsalar ita ce ringi zagayayye ne, silindar da ta sha tafiya kuwa ta riga ta buɗe, ta daina zama daidai, don haka sabon ringi ba shi da wurin kamawa. Bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo, aka sake saukewa. Aka sake sayen gaskit, aka sake sayen mai, aka sake biyan kuɗin aiki. A karo na uku yaran gareji sun haddace ƙusoshin injin, har suna kwance shi suna hira. Idan aka tara abin da ya kashe, ya isa a sayi injin da ya ƙi saya har a yi canji. Amma kada ka kuskura ka tara masa, domin a gabansa araha ba ta taɓa cin kowa ba, makanikai ne ba su iya aiki ba.

Injiniyan Waya

Yana zuwa da 'yar na'urarsa da ya saya ta intanet, ya soka a ƙasan sitiyari, ya ɗago waya yana karanta wa mutumin da ya shekara talatin a ƙarƙashin mota cewa P0300 ce. Lambar gaskiya ce, tana nufin silindoji na tsallake wuta, sai dai ba ta faɗin dalili. Zai iya zama fulogi, zai iya zama koyil, zai iya zama inji ne ya ƙare. Ya kwana yana kallon YouTube, inda wani Ba'amurke ya ce kada a ɓata lokaci wajen gyara, a sauya inji kawai. Abin da bai lura da shi ba shi ne, can ana biyan makaniki ne da awa, kuɗin aiki ke cinye aljihu. Nan kuwa aikin hannu ne mai sauƙi, kaya ne ke bin dala. Lissafin Texas ba ya aiki a Kurna. Makaniki zai saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Haka ne, Injiniya," sannan ya yi abin da ya yi niyya tun farko.

Mai Haɗa Aure

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ya daina barci. Jif ɗinsa mai silinda shida ce, irin injin lita 3.0 da ke cikin Lexus RX300 da tsohuwar Highlander, ga shi kuma ya ji labarin cewa injin lita 2.4 na Camry da RAV4 ba ya shan mai. Sai ya ce a ɗaura musu aure. Aka gaya masa giyabos ba zai karɓa ba, ya ce a nemo wanda zai karɓa. Aka ce ƙwaƙwalwar motar ba ta san wannan baƙon ba, ya ce a sauya ta. Mai wayarin ya yi sati yana yanke wayoyi yana ɗaurawa, mai walda ya ƙera wa injin sababbin ƙafafu. Motar ta tashi, kowa ya yi tafi. Duk wata fitilar gargaɗi da ke gaban direba ta kama, aka rufe su da baƙin salatif. Yanzu in za ta hau gada sai an kashe esi, man da ake gudu kuwa ana sha, tunda ƙaramin inji ne ke jan babban jiki da ƙyar.

Shugaban Kwamiti

Shi ba ya gaggawa. Ya tambayi makaniki uku, ya tambayi surukinsa, ya kai maganar majalisar bayan la'asar, inda aka rabu gida biyu har aka kusa ɓatawa. Motar tana nan ƙarƙashin darbejiyar gareji, inji a buɗe, an rufe da buhu. Lokacin da ya fara shawara dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura 1,500, kuɗin inji ya bi ta a guje. Duk sanda ya tara kuɗin jiya, sai ya tarar da farashin yau. Damina ta shiga silinda ta bar tsatsa. Aka ari batir don a tayar da wata mota, aka ari madubi, aka ari taya "zuwa gobe". Kaza ta yi ƙwai a kujerar baya ta ƙyanƙyashe. In ka tambaye shi ina jif, sai ya ce, "Muna kan magana."

Hajiya Mai Littafi

Da ta shigo gareji kowa ya gyara tsayuwa, an ga kasuwa. Makaniki ya ce, "Ranki ya daɗe, ai inji ya gama." Sai ta buɗe jaka ta ciro littafi da biro. Ta ce a auna matsin kowace silinda a gabanta, a rubuta. Ta ce a kwance kaskon mai a duba ko akwai garin ƙarfe. Ta tambayi ko bulo ya tsage ko top ya lanƙwashe, domin in bulo da kurankishaf na da lafiya gyara ya fi, in sun tafi kuwa sai sauyi. Ta tambayi nawa motar za ta yi in an sayar da ita yau, kada a zuba mata kuɗin da ya fi ta. In sauyin ne, a tayar da injin ta ji, a ba ta rasit mai ɗauke da lambar inji, a rubuta kwanakin garanti, tsohon injin kuma a sa mata a but.

Sannan ta yi tambayar da sauran shidan ba su taɓa yi ba: "To, Malam, me ya kashe na farkon?" Nan gareji ya yi tsit. Domin lagireton da ya toshe yana nan, tamostat ɗin da aka cire aka yar tun bara ba a mayar ba, baƙin man da ake aunawa a kwalba a bakin titi shi ake zubawa, sabis kuma sai an tuna. Duk injin da aka ɗora a kan wannan, Baljiyam ne ko gyararre, hanyar wancan zai bi.

Ba a son Hajiya a gareji. Ba ta da daɗin ciniki, ba ta dawowa bayan wata uku, babu wanda ya taɓa yin kuɗin cefanen Sallah da motarta. Da ta fita, maigidan gareji ya bi jif ɗin da kallo, ya juyo ga yaransa ya ce, "Kun ga irin wannan? Allah Ya sa kada ta ba mijinta aron littafin nan, nasa injin muke jira."