Mai wankin yashi

Ran nan maƙwabcina ya tarar da ni tsugune a bakin famfo ina cuɗa yashi a bokiti, kamar mai wanke shinkafar biki. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau, gado nake shirya wa ciyawa. Bai ƙara tambaya ba.

Ciyawar a ƙarƙashin ruwa za ta zauna, cikin akwatin gilashi tare da 'yan kifaye. Dabarar ta Diana Walstad ce, Ba'amurkiyar da ta fitar da littafi a kai a 1999: a shimfiɗa ƙasar lambu kaurin inci ɗaya, wadda ba ta sha takin zamani ba, a tankaɗe ta a tsince tsinke da dutse, sannan a lulluɓe ta da wani inci na yashi ko ƙananan tsakuwa don kada ta tashi. Tankaɗen kuwa da rariyar uwargida na yi shi, maganar da har yau ba ta mutu ba.

Yashin sai da na ɗauraye shi sau tara kafin ruwan ya washe. Duwatsun ado na ɗiga musu lemon tsami. Wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa, sai waje.

Saura zuba ruwa. Ƙa'ida a aza faranti a kan yashin, a tsiyaya a hankali. Ni kuwa zumuɗi ya sa na juye bokiti guda. Nan take akwatin ya koma kunun kanwa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, in kawo ludayi?"